Daga Fangali Zuwa Tukunya: Jagoran Ciyar da Iyali da Abinci Maras Sinadari a Yankin Kura da Bunkure

Yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, wanda ke kudu da birnin Kano a kan hanyar Zariya, yana shan ruwa ne daga madatsar Tiga da aka kammala a shekarar 1974, a zamanin gwamnatin Audu Bako, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da manyan magudanan da ke kai ruwan gonaki. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da kimanin hekta 22,000, kuma tun daga lokacin ƙasar da a da ake nomawa sau ɗaya a shekara ta koma ana nomanta rani da damina, ana fitar da shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa da attaruhu zuwa kasuwannin Kano da na kudancin Nijeriya. Wannan albarka ta zo da nata nauyin, domin ƙasar da ba ta hutawa tana neman ƙarin taki kowace shekara, ƙwarin da ke samun ɗanyen ganye wata goma sha biyu kuma ba sa yankewa, saboda haka buhun takin zamani da jarkar feshi suka zama kayan aiki na yau da kullum. Manufar wannan jagora ita ce bayyana yadda magidanci da iyalinsa za su raba tukunyarsu da yawancin waɗannan sinadarai ba tare da sun bar sana'ar da ke ciyar da su ba.

Ma'anar noma maras sinadari da iyakarsa

Noma maras sinadari shi ne wanda ake ciyar da ƙasa a cikinsa da takin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye da juya shuka, ake kuma kare amfanin gona da dabaru da magungunan tsirrai, ba tare da takin kamfani irin su kamfa da yuriya ko maganin ƙwari da na ciyawa ba. A ƙasashen da suka kafa doka kan wannan noma ba a bai wa gona takardar shaida sai ta yi shekaru ba ta ga sinadari ba, shekara uku a Amurka, shekara biyu ga amfanin shekara-shekara a Tarayyar Turai. Manomin da gonarsa ke jingine da ta maƙwabci, suna shan ruwan magudana ɗaya, iska na kwaso feshin wannan ta kai wa wancan, ba zai iya cika irin wannan sharaɗi shi kaɗai ba, kuma nazarce-nazarcen da aka tattara daga ƙasashe da dama sun nuna cewa yabanyar irin wannan noma kan gaza ta noman zamani da kimanin kashi 19 zuwa 25 cikin ɗari. Saboda haka ba hikima ba ce mai iyali ya juya gonarsa ta kasuwa gaba ɗaya a shekara guda. Abin da ya fi dacewa shi ne ya ware wani ɗan yanki domin cin gida kaɗai, ya koyi aikin a can, sannan ya riƙa faɗaɗawa gwargwadon abin da ya gani da idonsa.

Zaɓen wuri da tsara lambu

Fili mai tsawon mita goma da faɗin mita goma ya isa ya wadata matsakaicin gida da ganyen miya da wani kaso na kayan miya, matuƙar ana shuka shi a jere ba a lokaci ɗaya ba. Bayan gida ko kangon da ke kusa ya fi kyau idan akwai rijiya, domin matan gida za su iya kula da shi ba sai sun fita ba. Idan kuma a gona za a yanka, a zaɓi gefen da ruwa ke fara shigowa, ba inda ragowar ruwan fangulan da aka zuba wa taki da magani ke taruwa ba. A guji wurin da ruwa ke kwanciya ko inda farin gishiri ke tasowa a saman ƙasa bayan ta bushe, domin alama ce ta cewa ƙasar ta sha ruwa fiye da kima kuma ba ta samun magudanar fita.

Ana kewaye lambun da shingen zogale, a dasa shi kusa da juna a riƙa sare kansa daidai ƙirjin mutum domin ya yi rassa, sai a ƙara layi biyu ko uku na masara ko dawa a ɓangaren da ke fuskantar gonar maƙwabci, su tare wani abu daga feshin da iska ke kawowa. A ciki ana yanka fangali, wato ƙaramin kwamin da ake cika wa ruwa, wanda faɗinsa bai wuce mita ɗaya ba, yadda hannu zai kai tsakiyarsa ba tare da an taka ƙasar ba. A raba fangulan gida huɗu: na ganye kamar alayyahu da rama da lalo da yakuwa, na tumatir da tattasai da attaruhu da gauta, na albasa da karas, da na wake ko gyaɗa. Kowace kaka sai kowane rukuni ya matsa zuwa gidan da ke gaba. Dalili kuwa shi ne tumatir da tattasai da gauta dangi ɗaya ne, cuta ɗaya ke kama su, kuma tsutsar da ke sa saiwarsu ƙulli tana ƙaruwa a ƙasar da ake maimaita su, alhali wake da gyaɗa suna ɗauke da wasu ƙananan halittu a saiwarsu waɗanda ke kamo sinadarin naitirojin daga iska, wanda shi ne abin da manomi ke saye a buhun yuriya.

Haɗa taki

Ciyar da ƙasa da taki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano, domin manoman karkarar birni sun daɗe suna ɗauko taki da toka da shara a mangalar jakuna suna zubawa a gonakin da ake nomawa kowace shekara, al'adar da masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazari a kanta tun daga shekarun 1960. Abin da ya sauya shi ne sharar yau cike take da leda da fasassun kwalabe da matattun batura, saboda haka ba ta dace da lambun abinci ba sai an tsince ta sosai, kuma takin da gida ya haɗa da kansa ya fi aminci.

Ana haƙa rami a inuwa mai zurfin kimanin mita ɗaya, a shimfiɗa busasshen kara ko tattakar shinkafa da aka daddatsa kaurin taƙi guda, a bi da ɗanyen ganye da ciyawar da ba ta yi 'ya'ya ba da ɓawon kayan miya, sannan kashin shanu ko na awaki ko na kaji kaurin yatsu uku, a barbaɗa toka da ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa. Haka za a yi ta maimaitawa har ramin ya cika, a rufe da tsohuwar tabarma ko ciyawa, a soka dogon sanda a tsakiya. Bayan kwana uku zuwa biyar, idan aka zare sandan aka ji shi da zafi da danshi, aikin yana tafiya daidai. Idan ya fito a bushe da farin ƙura a jikinsa, ruwa ya yi kaɗan. Idan kuma ya fito da sanyi da wari, ruwa ya yi yawa, sai a juya a ƙara busasshen kara. Zafin nan shi ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Ana juya tarin duk bayan mako biyu ko uku, kuma cikin wata biyu zuwa uku yakan koma baƙi mai laushi, yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Kilo biyu zuwa uku a kowane murabba'in mita, a cakuɗa da ƙasar sama kafin dashe, ya wadatar da yawancin kayan lambu.

Ƙaiƙayin shinkafar da ke tare a bayan injinan casa na Kura yana da amfani, sai dai yana jinkirin ruɓewa, don haka ya fi kyau a fara shimfiɗa shi a turken dabbobi ya sha fitsari da kashi kafin a kai shi rami, ko a baza shi a saman fangali ya riƙe laima. Ɗanyen kashin dabba kuwa yana ƙona dashe, musamman na kaji, kuma yana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. Dokar noma maras sinadari ta Amurka ta sa tazarar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, da kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga duk mai shuka latas ko karas ko kabeji da ake ci ɗanye.

Kare shuka daga ƙwari

Manoman wannan yanki ba za su manta da shekarar 2016 ba, lokacin da tsutsar tumatir da suke kira sharon ta cinye gonaki har kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da ke Kadawa ya dakatar da aiki saboda rashin kaya. Asalin wannan ƙwaro daga Kudancin Amurka yake, ya shiga Sifaniya a 2006, daga nan ya bazu zuwa Afirka. Uwar tsutsar wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai yawo da dare, tsutsar kuma tana shigewa tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa tana ci, ta bar wani farin tabo mai haske wanda idan aka ɗaga ganyen a rana za a hango ta a ciki tare da baƙin kashinta. Da yake a ɓoye take, feshi ba ya samunta sosai, kuma yawan maimaita magani iri ɗaya yana barin waɗanda suka jure su hayayyafa, ya kuma kashe ƙwarin da ke cin ta.

A ƙaramin lambu ido da hannu su ne makami na farko. A zagaya da sassafe sau biyu ko uku a mako ana duba bayan ganye, a tsinke wanda ya kamu a binne shi da zurfi ko a ƙona, a kuma tumɓuke tsofaffin itatuwan tumatir da zarar an gama tsinka, domin a cikinsu ƙwaron ke jiran shukar gaba. Baho mai ruwa da ɗan sabulu, idan aka rataya masa fitila mai cajin rana da dare, yana kama iyayen da yawa.

Makami na biyu shi ne 'ya'yan darbejiya, bishiyar da wasu ke kira dogonyaro ko maina. Ana tsinto waɗanda suka nuna suka zubo, a wanke naman, a shanya a inuwa har su bushe, a fasa a fitar da ƙwayar, a daka. Giram 500 na dakakkiyar ƙwaya ake jiƙawa a lita goma ta ruwa a kwana, da safe a tace da ƙyalle mai laushi domin kada ya toshe bakin injin feshi, a narka ɗan sabulu a ciki saboda ruwan ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, sama da ƙasan ganye, domin hasken rana yana lalata sinadarin da ke aikin, kuma a ranar da aka tace ake amfani da shi. Ba ya kashe ƙwaro nan take. Yana hana shi ci ne da girma da hayayyafa, saboda haka ana maimaitawa duk mako tun ɓarnar ba ta yi nisa ba. Yana taimakawa a kan darɓa da farin ƙuda da ƙananan tsutsotsi. Turmin da aka daka ƙwayar a ciki kada ya zama na abinci, kuma a ajiye ta inda yara ba za su kai ba.

Inda gonar kasuwa ta tilasta yin feshin kamfani, akwai ƙa'idojin da ke kare iyali. Kowace kwalba tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka, kuma wanda ya fesa yau ya tsinka gobe domin farashi ya tashi a kasuwar Kwanar Gafan ya sayar wa mutane da guba, ya kuma kai ragowar gidansa. Ba a aiken yaro sayen magani ko feshi, ba a ajiye shi a ɗakin kwana ko kusa da hatsi, ba a wanke injin feshi a magudanar da jama'a da dabbobi ke amfani da ita, kuma kayan da aka yi feshi da su daban ake wanke su. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku a zuba ruwan cikin injin, sannan a huda ta, domin kada wani ya mayar da ita ta zuba man gyaɗa ko ruwan sha.

Ajiya

Sau da yawa guba ba a gona take shiga abinci ba, a ɗakin ajiya ne. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin daikulobos da aka samu a cikinsa, wanda shi ne ke cikin maganin Sniper da ire-irensa, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwannin yau da kullum. Ga wake da masarar gida akwai hanyar da ba ta buƙatar magani ko kaɗan, wato buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Ana shanya hatsin har ya bushe ƙayau, a tabbatar ledojin ba su da huji, a zuba, a matse iskar, a murɗe bakin leda ta ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne daban. Ƙwarin da ke ciki suna shanye ɗan iskar da ta rage su mutu, muddin ba a riƙa buɗewa ba kuma an ɗora buhun a kan katako nesa da ɓera. Jarka mai murfin da ke rufuwa gam, idan aka cika ta har baki, tana yin wannan aikin, haka ma tsohuwar dabarar cakuɗa wake da tankaɗaɗɗiyar toka, mudu da mudu.

Gyaɗa da masarar da suka sha laima suna yin funfuna mai fitar da gubar afulatoksin, wadda ke lalata hanta kuma dafuwa ba ta kashe ta, saboda haka a kan tamfol ake shanya su ba a ƙasa ba, a kuma tsince duk ƙwayar da ta canza launi ko ta yamutse a zubar. A lokacin da tumatir ya yi araha, wajen Janairu zuwa Maris, gida ya yanka kauɗa ya shanya a kan gado ko raga nesa da ƙurar titi. Ganyen zogale da kuka da rama kuwa a inuwa mai iska ake shanya su, domin rana tana cinye launinsu tare da wani kaso na bitamin.

Tukunya da tarbiyyar ci

Rashin sinadari kaɗai ba ya mayar da abinci mai gina jiki. Shinkafar da ba ta ga feshi ba, idan ita kaɗai ake ci da mai da yaji safe da dare, ba za ta hana yaro tsumburewa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a rana, gishiri kuma kada ya kai giram biyar, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. Girkin Hausa yana da abin da zai cika wannan: kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, dambu da ganye, faten tsaki da yakuwa da wake, miyar taushe da kabewa, ɗanwake, awara, da fura da nonon da aka tafasa madararsa kafin a kwantar. Daddawar kalwa tana ba miya ɗanɗano da abin gina jiki, kuma idan aka ƙara ta ana iya rage dunƙule sannu a hankali har harshe ya saba. Shinkafar da aka turara tun tana shanshera, irin wadda matan Kura suka ƙware a kai, ta fi farar da aka goge sosai riƙe bitamin, domin turarin yana tura shi daga dusa zuwa cikin ƙwaya.

A wajen girki, yawan kanwa da daɗewar ganye a wuta suna lalata bitamin, don haka a ƙarshe ake zuba ganye. Kayan miyan da aka sayo a wanke su da ruwa mai tsabta ana cuɗawa, a zubar da ganyen kabeji na waje, a kankare karas, tare da sanin cewa wanki yana rage maganin da ke saman fata ne kawai, ba wanda ya shige ciki ba. Jariri kuwa nonon uwa zalla yake buƙata har wata shida, daga nan a fara ba shi kunu mai kauri da aka haɗa da gyaɗa ko waken suya, da ƙwai da dakakken ganye, ana ci gaba da shayarwa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka ba fangalinsa na alayyahu, wanda kan isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, yana koyon ban-ruwa da cire ciyawa, kuma ba ya ƙin miyar da ya san shi ya shuka ganyenta. Ana iya ba wani aikin kai ɓawo ramin taki, wani kuma tattara leda, wadda ke toshe magudana ta kuma kashe akuyar da ta haɗiye ta. Wajibi ne kuma a hana yara wanka a magudanan ban-ruwa, domin dodon-koɗin da ke zaune a cikinsu shi ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, kuma duk yaron da aka ga alamarta gare shi asibiti za a kai shi.

Tsarin shekarar farko

Gidan da zai fara ya haƙa ramin taki a watan Agusta, lokacin da ɗanyar ciyawa ta wadata, ya dasa zogale tun ƙasa na da laima. A Nuwamba, da shigowar hunturu, takin ya nuna, sai a dasa tumatir da albasa da karas da latas. Da bazara a koma ga alayyahu da kuɓewa da lalo masu jure zafi, a rufe ƙasa da tattaka. Da damina kuma a sa wake da kabewa da rama da yakuwa. A riƙa rubuta abin da aka shuka a kowane fangali, da ƙwaron da ya zo, da kuɗin cefanen da aka daina kashewa, domin da wannan lissafi magidanci zai san ko zai ƙara fili a shekara ta biyu, ko ya fara rage buhun takin zamani a gonar kasuwa yana cike gurbinsa da na rami.

Akwai abin da gida ɗaya ba zai iya ba. Feshin da iska ke ɗauka, da wanke injin feshi a magudana, da barin tsofaffin gonakin tumatir suna renon ƙwari, matsaloli ne na duk masu shan ruwa ɗaya, kuma wurin tattauna su shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda aka ƙarfafa a ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa wa. Idan manoman da ke kan ƙaramar magudana ɗaya suka amince da lokacin dashe da ranar tumɓuke tsohuwar shuka da wurin tara kwalaben magani, suka kuma nemi shawarar malaman gona da ta tashar binciken noman rani ta Kadawa da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, yawan feshin da kowannensu ke yi zai ragu, kuma ribar hakan za ta bayyana a aljihun manomi da lafiyar 'ya'yansa da ta mai saye a kasuwa.